Yadda Ake Bimbini a Kan Gicciyen Yesu Tare da Masu Damuwa Iri-iri

Wannan bayani na masu kiwon jama'ar Ikilisiya ne: fasto, mai bishara, katikis, dattawa, shugabannin zumuntar mata, da duk wanda ake buga wa ƙofa da tsakar dare idan abu ya faru. Labarin gicciye ɗaya ne, amma masu zuwa gindinsa kowa da kayan da ya ɗauko. Ayar da za ta kwance wa wani ƙullin zuciya, ita ce za ta danne wani. Ka karanta wa matar da aka kashe wa miji makon jiya "Ya Uba, ka gafarta musu", za ta sunkuyar da kai ta ce amin don girmanka, amma ka ƙara mata nauyi ne, domin yanzu ban da rashin miji tana ganin ta zama mai laifi tun da ta kasa yafewa. Don haka aikin kashi biyu ne: ka iya bimbinin kai da kanka, sannan ka san ta wace ƙofa za ka shigar da wanda ke gabanka.

Mataki na farko: fara da kanka

Kada ka kai wa wani abin da ba ka ɗanɗana ba. Ware minti ashirin, da asuba ya fi, kafin gida ya tashi. Kashe waya. Idan a wayar kake karanta Littafi Mai Tsarki, rufe data, in ba haka ba saƙon WhatsApp zai same ka a Getsamani.

Zaɓi Bishara guda ɗaya ka tsaya a kanta: Matiyu 26 da 27, ko Markus 14 da 15, ko Luka 22 da 23, ko Yohanna 18 da 19. Kada ka gauraya su tun farko, domin kowanne da inda ya sa ido. Markus yana nuna Yesu shi kaɗai, almajirai sun watse, maganarsa ɗaya ce tak daga kan gicciye, ita ma kuka ce. Luka ne ya kawo addu'ar gafara, da ɗan fashin da ya tuba, da matan Urushalima masu kuka. A wurin Yohanna kuwa Yesu yana tafiyar da al'amarin da saninsa, har yana shirya wa mahaifiyarsa wurin zama. Sanin wannan bambanci shi ne zai taimake ka daga baya wajen zaɓa wa mutum abin da ya dace da shi.

Ɗauki aya goma zuwa sha biyar, kada ka wuce haka. Karanta da murya, a hankali, sau biyu. A karo na biyu, inda wata kalma ko wani aiki ya riƙe ka, tsaya nan, ko da aya ta uku ce. Ba dole sai ka kai ƙarshe ba.

Sai ka sa kanka a wurin. Ignatiyus na Loyola, mutumin Sifaniya wanda aka buga littafinsa na horon ruhaniya a 1548, ya koya wa mutane su siffanta wurin a zuciyarsu kafin su fara addu'a, kuma dabara ce mai amfani ko kai ba Katolika ba ne. Markus ya ba ka lokaci: an gicciye shi wajen ƙarfe tara na safe, duhu ya rufe ƙasa daga tsakar rana zuwa ƙarfe uku. Wurin a bayan gari ne, kusa da hanya, masu wucewa suna kaɗa kai. Sojoji suna zaune suna kuri'a a kan tufafinsa. Tambayi kanka a ina kake tsaye: cikin mata da ke kallo daga nesa, ko wajen wutar da Bitrus ya ji ɗumi daren jiya, ko kai ne Siman mutumin Kurane da ya fito daga ƙauye aka tilasta masa ɗaukar itacen?

Daga nan tambayoyi uku sun isa. Me aka yi masa a nan? Saboda wa? Me wannan yake ce mini game da abin da ke gabana yau? Amsa wa Ubangiji da bakinka, da Hausar da kake magana da ita a gida ko da yarenku, sannan ka yi shiru na minti biyu ko uku kafin ka tashi. Yi haka mako guda a jere kafin ka ja wani.

Mataki na biyu: kauce wa ramukan da aka saba faɗawa

A 1519 Martin Luta ya rubuta wa'azi kan yadda ake tunani a kan shan wuyar Almasihu, ya kuma lissafa hanyoyi uku da mutanen zamaninsa suke ɓata abin. Duka ukun suna nan da ransu a majami'unmu.

Na ɗaya, mutum ya ƙare da jin haushin wasu: Yahuza, Yahudawa, Bilatus. A wurinmu abin yakan zame, daga zagin Yahuza a koma zagin maƙwabta, ko wata ƙabila, ko wani dattijo da ake rigima da shi. Idan bimbininka ya ƙare kana nuna wani da yatsa, ka ɓace hanya. Na biyu, mai da gicciye laya: a rataya a wuya ko a madubin mota da tunanin itacen ko ƙarfen ne zai tare hatsari. Na uku, tausayin Yesu kawai, a yi kuka a share hawaye a koma gida yadda aka zo. Shi da kansa ya ce wa matan Urushalima kada su yi kuka dominsa, su yi domin kansu da 'ya'yansu (Luka 23:28).

Ni zan ƙara na huɗu: yawan zayyana jini da ƙusa. Gaskiya ne kisan gicciye mummuna ne, Romawa sun tanade shi ga bayi da 'yan tawaye, kuma a 1968 an tono ƙashin diddigen wani mutum a Urushalima da ƙusa a jiki. Amma duba yadda marubutan Bishara suka yi: "suka gicciye shi", shi ke nan, suka wuce. A cikin jama'arka akwai waɗanda suka ga gawa da idonsu, suka binne 'yan'uwa a rami ɗaya. Ba sa bukatar ka koya musu yadda jini yake.

Mataki na uku: saurara kafin ka buɗe littafi

Wannan mataki shi aka fi tsallakewa. Ma'aikacin asibiti na kirki ba ya miƙa allura kafin ya tambayi inda ke ciwo. Zauna, gaisa, tambayi gida, sannan ka bari mutum ya yi magana har ya gaji. Littafin ya zauna a rufe a kan cinyarka.

Abin da kake nema ka gane shi ne, cikin waɗannan wanne ya fi damunsa: abin da ya yi, abin da aka yi masa, abin da ya rasa, ko abin da yake tsoro. Tambayoyi masu sauƙi suna buɗe baki: "Idan kin kwanta da dare, me ya fi dawo miki?" "Kana iya addu'a kwanan nan?" "A ganinka, yaya Allah yake dubanka yanzu?" Amsar ta ƙarshe takan faɗa maka kusan komai. Wanda ya ce "Yana fushi da ni" dabam yake da wanda ya ce "Ya manta da ni", su biyun kuma dabam suke da wanda ya ce "Ni ba ni da matsala da Allah" alhali garin duka ya san ya cinye gadon marayu.

Idan mace ce kai namiji, tafi da matarka ko wata dattijuwa daga zumuntar mata. Idan a ɗakin asibiti ne, rage murya. Maƙwabtanmu Musulmi ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba, kuma gadon mara lafiya ba filin muhawara ba ne. Ka zo wurin mutuminka ne.

Mataki na huɗu: zaɓi ƙofar da ta dace

*Wanda laifinsa ya hana shi barci.* Shi ne saurayin da yake zuwa ya faɗi zunubi ɗaya sau biyar, ko matar da ta zubar da ciki shekaru da yawa da suka wuce tana ganin duk masifar gidanta sakayya ce. Irin wannan kada ka ce masa "zunubanka ne suka buga ƙusar". Ya riga ya sani, shi ne ma abin da ke cinye shi. Kai shi Luka 23:39-43. Sa shi ya lura cewa ɗan fashin bai da lokacin gyara komai: hannuwansa a kafe, ba zai mayar da abin da ya ƙwace ba, ba zai yi azumi ba. Ya ce a tuna da shi, aka ce masa "yau". Sannan Yohanna 19:30, "An gama", da Kolosiyawa 2:14, inda Bulus ya ce an kafe takardar bashinmu a gicciye. Tambaye shi kai tsaye: "Ɗana, bashin da aka biya, ana sake biyansa?" Idan ya ce ba ya jin an gafarta masa, kada ka yi gardama da jinsa. Nuna masa Bitrus da Yahuza: dukansu sun yi nadama, ɗaya ya tsaya inda Yesu zai iya samunsa, ɗayan ya yanke wa kansa hukunci. Idan kuma ka ji yana maganar gara ya mutu, ko ya ambaci igiya ko maganin ƙwari, ajiye zancen Yahuza gaba ɗaya. Kada a bar shi shi kaɗai, a sanar da wani na kusa, a kai shi wurin likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta jihar Sakkwato, kuma zuwa can ba rashin bangaskiya ba ne.

*Wanda laifinsa bai dame shi ba.* Wannan akasin na farko ne, maganinsa ma akasi. Karanta Ishaya 53:4-6 tare da shi, ka sa ya cire "mu" ya sa sunansa. Ko ka tsaya da shi a kan Bilatus yana wanke hannu. Kada ka yi saurin ta'azantar da shi, kuma kada ka rufe zaman ba tare da ya faɗi abin da zai mayar, da wanda zai je ya roƙa ba.

*Mai makoki, da wanda yake ji Allah ya yashe shi.* A ce ka shiga gidan rasuwa kwana goma bayan jana'iza. An naɗe rumfa, an mayar da kujerun haya, dangi na nesa sun koma. Gwauruwar tana zaune a tabarma a bakin ɗaki, kwanon kunu a gefenta ya yi sanyi, takalman mijin har yanzu suna inda ya saba cire su. Ka ce, "Mama, ya haƙuri?" ta ce, "Da godiya." Bayan ɗan shiru sai ta ce, "Fasto, na kasa addu'a." A nan Markus ne naka. Buɗe 15:33-34, karanta mata duhun sa'a uku, da kukan "Ya Allahna, ya Allahna, don me ka yashe ni?" Ka ce mata, "Mama, wannan Ɗan Allah ne yake tambaya, kuma Littafi bai ɓoye ba." Sai ka yi shiru. Kada ka amsa "don me" ɗin, domin a ranar ba a amsa wa Yesu ba. Da yawa an tashe su da koyarwar cewa tambayar Allah saɓo ne, sai su haɗiye kukan ya koma hawan jini. Nuna mata cewa kalmomin farkon Zabura 22 ne, addu'a ce tun asali, kuma mai cewa "Allahna" bai sake shi ba tukuna. Idan ta kasa faɗin komai, wannan layi ɗaya ya ishe ta addu'ar mako. Ƙarshen zaburar yana da yabo, amma bar shi sai zuwa na biyu ko na uku.

Akwai kuma Yohanna 19:26-27, inda ya danƙa mahaifiyarsa ga almajirin da yake ƙauna. Wannan ayar ba ta gwauruwar ba ce kawai, taka ce da majami'arka. Kafin ka fita, ka san wa zai nome mata gona bana, wa zai tsaya idan dangin miji suka zo kwashe kaya.

*Wanda aka zalunta.* Tun rikicin Jos na 2001, zuwa lokacin da hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) da ke Kwarhi kusa da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a Oktoban 2014, zuwa garkuwa da mutane na yanzu, da wuya ka sami majami'a a Arewa da babu wanda aka kora daga gida ko aka kashe wa wani. Da irin waɗannan, fara da shari'ar da aka yi wa Yesu: shaidun ƙarya, alƙalin da ya ce bai ga laifi ba amma ya ba da shi, taron da aka zuga. Bari mutum ya ga cewa Ubangijinsa ya san zalunci daga ciki. Bari ya faɗi fushinsa. A Ru'ya ta Yohanna 6:10 waɗanda aka kashe ma suna tambaya har yaushe. Sai ka kawo 1 Bitrus 2:23, inda aka ce bai rama ba, ya danƙa al'amarinsa ga mai shari'ar gaskiya. Wannan ne matakin da yawancin mutane za su iya ɗauka da farko: ajiye ramuwa. Gafara tana zuwa, kuma dole ka koyar da ita, amma kada ka sa mata ranar ƙarshe. Idan lokacin Luka 23:34 ("Ya Uba, ka gafarta musu") ya yi, nuna cewa addu'a ce ga Uba, mutum yana iya farawa da "Ubangiji, ban iya ba tukuna, ka taimake ni." Ka kuma faɗa a fili cewa kai ƙara ga hukuma ba ƙin yafewa ba ne.

Wani abu da ke ba ni haushi shi ne yadda ake cewa matar da miji ke duka, "Ki ɗauki gicciyenki." Wannan ɓata Littafi ne. Lokacin da wani dogari ya mari Yesu a gaban babban firist, bai yi shiru ba, ya tambaye shi dalilin marin (Yohanna 18:23). Ya ba da ransa da kansa domin ceton duniya. Karyewar haƙarƙarin matar nan ba ta ceton kowa. A fitar da ita zuwa inda ba za a taɓa ta ba, dattawa su kira mijin, sannan a yi maganar bimbini.

*Mai kunya.* Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, wadda ta dawo daga hannun masu garkuwa mutane suna raɗa, wadda aka sa a horo tana zama bencin baya, matar da ba ta haihu ba, magidancin da bashi ya tona wa asiri. Waɗannan sau da yawa ba maganar gafara suke bukata ba, wasunsu ma ba su yi laifin komai ba. Kai su Markus 15:16-20: an tuɓe shi, an tofa masa miyau, an yi masa ba'a a gaban jama'a. Ibraniyawa 12:2 ta ce ya jure gicciye bai mai da kunyar komai ba, 13:12 kuma ta ce a bayan ƙofar gari ya sha wuya. Saƙon shi ne, inda aka tura ki, shi ya riga ki zuwa can. Ka tabbatar da maganar da aiki: gaishe ta a gaban mutane ranar Lahadi.

*Mai tsoron maita da sammu.* Kada ka yi masa dariya, kada kuma ka taya shi neman wanda ya yi. Kolosiyawa 2:15, Galatiyawa 3:13 da Ibraniyawa 2:14-15 sun ishe ku. Idan ya fara ambaton sunan wata tsohuwa ko wani yaro, tare shi nan take.

*Wanda ke bakin mutuwa.* Gajarta komai. Riƙe hannunsa. "Ina jin ƙishirwa" tana tuna wa masu jinya cewa jiƙa leɓe da juya mara lafiya hidima ce. Sai Luka 23:46, "Ya Uba, a hannunka na sa ruhuna", wadda ta fito daga Zabura 31:5. Faɗa a hankali kusa da kunnensa, "Baba, mu faɗa tare", ko da bai amsa ba. Idan ya saba karɓar Jibin Ubangiji kuma yana iya haɗiya, shirya a kawo masa.

Mataki na biyar: tafiyar da zaman

Nemi izini: "In karanta mana wani wuri?" Karanta ayoyin da ka zaɓa sau biyu. Idan mutumin bai yi karatu ba, ba da labarin da baki yadda ake ba da labari a gida, ka sa shi ya maimaita maka abin da ya ji. Yi shiru na minti ɗaya cikakke, ka dubi agogo in ya kama, domin shiru yakan yi wa mai wa'azi tsawo. Tambaye shi, "Wane wuri ne ya taɓa ka?" Bi inda ya nuna, ko da ba nan ka shirya ba. Idan ya yi kuka kada ka ce ya daina. Yi addu'a gajeriya da kalmomin da shi ya yi amfani da su, sannan ka bar masa aya ɗaya, a rubuce a takarda ko a murya cikin wayarsa. Rabin sa'a ya isa. Abin da ya faɗa maka kuwa, kada ya fito a wa'azin Lahadi ko da ka sauya suna. A ƙauye kowa zai gane.

Game da tashin matattu, kada ka bar kowa ba tare da shi ba, kada kuma ka yi amfani da shi ka toshe bakin mai kuka. Ga mai jin laifi da mai tsoro, faɗe shi da ƙarfi tun ranar farko. Ga mai makoki jimla ɗaya ta isa, domin tsakanin Jumma'a da Lahadi akwai Asabar, kuma matan da suka bi Yesu sun kwana cikinta ba su san abin da zai faru ba.

Idan taro ne

A lokacin azumin kwana arba'in da Jumma'ar da ke gaban Ista, duk mutanen nan suna zaune a benci ɗaya. Katolika suna da Hanyar Gicciye mai tasha 14, adadin da Paparoma Kilement na 12 ya tsayar a 1731, wasu majami'u kuma suna bin maganganu bakwai da Yesu ya yi a kan gicciye daga tsakar rana zuwa ƙarfe uku. Kowanne kuka bi, raba ƙofofin nan a kan tasoshin ko maganganun, ka riƙa faɗin wanda kake nufi: "Wannan ta wanda ya kasa yafe wa kansa ce", "Wannan ta wadda ta binne ɗa bana ce." Ta haka kowa zai ɗauki nasa ya bar na wani. Idan mutum bakwai ne za su yi magana, ba kowa minti bakwai, ka zauna da su tun ranar Laraba ku ji abin da kowa zai faɗa, domin kada su bakwai ɗin su yi wa'azin tuba iri ɗaya. Bayan kowace magana a yi shiru kafin mawaƙa su tashi. A tanadi dattawa biyu, namiji da mace, a bayan majami'a don masu son magana bayan an tashi, a rubuta sunayensu a ɓoye, a kuma raba wa masu ziyara kafin Lahadi ta zagayo.